Rake, Takarda da Teku: Amsa Kan Littattafan Mulkin Mallaka a Tsibirai

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce ka karanta Things Fall Apart da wasu littattafan Afirka kan zuwan Turawa, sai malaminku ya ambata muku cewa akwai wani reshe na ƙagaggun labarai da ya shafi mulkin mallaka a tsibiran ƙasashen zafi. Tambayarka biyu ce: da me suka bambanta da namu, kuma daga ina za ka fara karatu?

Na daɗe ina koyar da waɗannan littattafai, kuma abin da nake fara gaya wa ɗalibai shi ne su raba tsibiran gida biyu a ransu. Akwai waɗanda Bature ya tarar da sarakunansu da malamansu da kasuwanninsu, irin su Jawa a Indonisiya, da Silon wadda yau ake kira Siri Lanka, da Zanzibar. Akwai kuma waɗanda aka share aka sake zuba musu mutane. A Jamaika da Kuba da Haiti, mutanen asali da Kolombus ya tarar daga 1492 sun kusa ƙarewa cikin 'yan shekaru saboda cututtuka da aikin tilas. Morishus ma babu kowa a cikinta kafin zuwan jiragen Turawa. Sai aka mayar da waɗannan tsibirai gandayen rake, aka yi ta jigilar bayi daga Afirka domin su nome su.

Wannan shi ne babban bambancin. Okonkwo, gwarzon Things Fall Apart, na da garinsa Umuofiya. Ya san kabarin kakansa, ya san abin da Bature ya zo ya rushe. Marubucin Barbados ba shi da wani "kafin zuwan Turawa" da zai waiwaya a ƙasar da aka haife shi. Gandun ne ya haifi ƙauyen, ya haifi harshen, har sunan da mutum yake amsawa na ubangidan kakansa ne. Ka ɗauki rinji irin wanda aka sani a ƙasar Hausa, ka faɗaɗa shi ya cinye ƙasa guda, sannan ka kewaye shi da ruwan da ba a ganin gaɓarsa. Wanda aka matsa wa a nan yakan yi ƙaura cikin dare ya faɗa ƙasar wani sarki. A ƙaramin tsibiri in ka yi gudu sai ka ci karo da teku. Turawa sun san haka sarai, shi ya sa suka riƙa mayar da tsibirai gidajen yari: Jaja na Opobo an kai shi San Binsan bayan kama shi a 1887, Sarkin Ashanti Prempeh kuma ya zauna a Saishel daga 1900 zuwa 1924.

Kafin 'yan tsibirai su fara rubuta nasu, Turawa sun riga sun cika duniya da hoton tsibiri a matsayin fili marar mai shi. Littafin Robinson Crusoe na 1719, labarin Baturen da jirginsa ya nitse ya maƙale a wani tsibiri, shi ne uban wannan hoto. Mutane da yawa sun manta cewa jirgin Crusoe ya nitse ne a kan hanyarsa daga Barazil zuwa gaɓar Gini domin sayo bayi, kuma da ya sami mutum a tsibirin, sai ya raɗa masa suna da ranar da ya tsince shi, ya koya masa ya kira shi ubangida. Kusan duk littattafan da zan ambata maka martani ne ga wannan, ko sun faɗa ko ba su faɗa ba.

Abin da na lura da shi bayan shekaru ina maimaita karatunsu shi ne, a cikin mafi kyawunsu ba kasafai bindiga ko bulala ke kashe mutum ba. Takarda ke kashe shi: takardar gida, takardar bashi, takardar aure, hukuncin wata kotu da ke zaune a wata ƙasa mai nisan wata guda a jirgin ruwa. Idan ka riƙe wannan zaren, za ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba tare da ka ɓace ba.

Bari in fara da wanda na fi so, Bumi Manusia na Pramoedya Ananta Toer ɗan Indonisiya, littafin da aka fassara zuwa Turanci da suna This Earth of Mankind. Yadda aka haifi littafin ma abin ji ne. An kama Pramoedya a 1965, aka ƙone ɗakin karatunsa, aka kai shi sansanin fursunoni na tsibirin Buru a 1969. Da yake da farko an hana shi alƙalami da takarda, sai ya riƙa ba 'yan'uwansa fursunoni labarin da baki. An sake shi a 1979, littafin ya fito a 1980, gwamnatin Suharto, shugaban Indonisiya na lokacin, ta haramta shi a 1981. Shi ne na farko cikin jerin littattafai huɗu.

Labarin yana faruwa a birnin Surabaya da ke tsibirin Jawa daga 1898, lokacin mulkin Holan. Mai ba da labarin saurayi ne ɗan sarauta, Minke, wanda ke makarantar Turawa kuma yana sha'awar duk abin da ya fito daga Turai. Amma ran littafin wata mata ce, Nyai Ontosoroh. Tana da shekara 14 mahaifinta, wani akawu a masana'antar sukari mai kwaɗayin ƙarin girma, ya miƙa ta ga Bature manajan wurin, Herman Mellema. Irin wannan mata ita ake kira nyai. Da Hausa za mu so mu ce sa-ɗaka, amma kalmar ba ta zauna daidai ba, domin sa-ɗaka idan ta haihu shari'a ta san da ita ta san da ɗanta. Zaman nyai ya fi kama da daduro na dole, wanda doka ba ta san da shi ba ko kaɗan. Wannan yarinya ta koyi karatu, ta koyi harshen Holan, ta koyi lissafin ciniki, har ta zama ita ke tafiyar da babbar gonar shanu da kamfanin gidan gaba ɗaya, lokacin da Baturen ya lalace.

Minke ya auri 'yarta Annelies, aure na Musulunci, da shaidu da komai. Da Mellema ya mutu, sai ɗansa na matar aure da ke Holan ya shigar da ƙara. Kotun Amsterdam ta yanke cewa dukiyar ta magada ce, kuma tunda Mellema ya taɓa amsa Annelies a matsayin 'yarsa a takarda, to ita Baturiya ce wadda ba ta kai shekarun mallakar kai ba, riƙonta na hannun wannan ɗan'uba da bai taɓa ƙaunarta ba. Uwar da ta haife ta ba ta da matsayi. Auren da aka ɗaura ba aure ba ne a idon doka. Malamai suka yi bore, Minke ya yi ta rubutu a jaridu, amma aka zo da jami'ai aka tafi da yarinyar zuwa jirgi. Duk shekarar da muka kai wannan babi, ajin yakan yi tsit. Wata shekara wata ɗaliba, matar aure ce da goyo, ta ajiye littafin a kan tebur ta ce, "Malam, wato sadaki da shaidu da waliyyi duk sun tashi a banza saboda wani alƙali da bai taɓa ganin fuskarta ba?" Na ce mata haka littafin ya nuna. Ba ta ƙara magana ba har aka tashi.

Tun da muna Jawa, ka haɗa da Max Havelaar na 1860. Marubucinsa Eduard Douwes Dekker, wanda ya yi amfani da sunan Multatuli, Bature ne ɗan Holan da ya yi mataimakin razdan a Lebak a 1856. Daga 1830 Holan ta tilasta wa ƙauyuka su ware kashi ɗaya cikin biyar na gonakinsu domin noman kofi da rake da baba, gwamnati ta saya a farashin da ta ga dama, sarakunan gargajiya kuma a ba su kamasho gwargwadon abin da ƙasarsu ta kawo. Da ɗan gari akan ci gari. Duk wanda ya ji labarin zamanin En'e daga bakin kakanninsa zai gane tsarin nan take: Bature a sama yana cewa shi mai ba da shawara ne kawai, hakimi a tsakiya yana tatsa, talaka a ƙasa. Dekker ya kai ƙarar sarkin Lebak kan zalunci, razdan ya ƙi mara masa baya, ya ajiye aiki ya rubuta littafi.

A tsakiyarsa akwai labarin wani yaro Saidjah. Hakimi ya ƙwace ɓaunar huɗar mahaifinsa. Uban ya sayar da wuƙar da ya gada ya sayi wata, aka sake ƙwacewa. Ya sayar da maratayan gidan sauro na azurfa, gadon gidan matarsa, ya sayi wata, wadda har ta ceci yaron daga damisa, ita ma aka tafi da ita aka yanka. Babu ɓauna babu huɗa, babu huɗa babu kuɗin haraji, sai gudu. Wani ɗalibina Bafulatani ya ce wannan ai labarin jangali ne da kakansa ke ba su, sunan dabbar kawai aka sauya. Sai dai ka karanta littafin da ido biyu. Dekker gyaran mulkin mallaka yake nema, bai nemi a kawar da shi ba, kuma gwarzon labarin Bature ne mai kirki. Mutanen Jawa a ciki ana tausaya musu ne, ba safai ake barinsu su yi magana da bakinsu ba. In ka karanta shi kafin Pramoedya za ka ga tazarar da ke tsakanin a yi kuka dominka da ka yi kukanka da kanka.

Irin wannan Bature mai ajiye aiki akwai wani a Silon, Leonard Woolf, wanda ya riƙe gundumar Hambantota daga 1908 zuwa 1911. Littafinsa The Village in the Jungle na 1913 ya fi na Dekker nutsuwa, kuma mutanen ƙauyen su ne tsakiyar labarin. Takardar da ke kisa a nan ita ce izinin sassabe da bashin iri, duka a hannun dagaci da wani mai ba da rance. Akwai zaman kotu a ciki inda baƙauye ke tsaye ana magana a kansa ta bakin tafinta, bai san me ake tuhumarsa da shi ba, alƙali Bature kuma yana jin a jikinsa cewa akwai ƙarya amma doka ta ɗaure masa hannu. Woolf ya zauna a kan irin wannan kujera, shi ya sa babin yake da nauyi.

Yanzu mu tsallaka zuwa tsibiran rake. Majalisar Ingila ta soke bauta da dokar 1833, ta ware fam miliyan 20 domin biyan diyya, amma iyayen gijin bayi aka biya. Bayin kuma aka ce su ci gaba da aiki a gandayen da sunan koyon sana'a har 1838. A Jamaika kaɗai mutum sama da 300,000 abin ya shafa. Wide Sargasso Sea na Jean Rhys, wanda ya fito a 1966, ya buɗe ne a wannan lokaci. Rhys 'yar Dominika ce, farar fata haihuwar tsibiri, an haife ta a 1890. Ta ɗauko mahaukaciyar matar da aka kulle a ɗakin sama a cikin littafin Ingila Jane Eyre na 1847, wadda aka ce daga Jamaika aka auro ta, ta ba ta yarinta da suna da murya. Antoinette 'yar tsofaffin masu bayi ce da suka talauce. Baƙaƙe sun tsane su, Turawan Ingila na ƙyamarsu.

Daren da aka ƙone gidansu yana cikin abubuwan da ba na mantawa a duk karatuna. Iyalin sun fito tsakar gida, taron jama'a ya kewaye su, sai ga akun gidan a bakin baranda gashinsa na ci da wuta. Ya yi yunƙurin tashi, amma mijin uwarta ya riga ya datse masa fukafukai, sai ya faɗo. Ganin mutuwar aku mugun abu ne a wurin mutanen, shi ya sa taron ya fara watsewa. Yarinyar ta hango ƙawarta Tia, baƙar yarinya da suka yi wanka a rafi ɗaya suka ci abinci tare, ta ruga wurinta tana tunanin za ta zauna da su. Tia na riƙe da dutse. Bayan jifan suka tsaya suna kallon juna, ɗaya jini a fuska, ɗaya hawaye. Rhys ba ta wanke kowa ba, ba ta kuma la'anci yaran ba.

Takardar tana zuwa daga baya. Aka aurar da Antoinette ga wani saurayi daga Ingila tare da fam 30,000, kuma bisa dokar Ingila ta wancan zamani duk abin da mace ta mallaka yakan koma hannun miji da zarar an ɗaura aure. Sai a 1870 da 1882 aka gyara wannan doka. Da auren ya ɓaci, tsohuwar mai rainonta Christophine ta ce ta tattara kayanta ta tafi, ita kuwa ta ce ba ta da ko sisi. Christophine, wadda aka haifa cikin bauta, ta fi uwargijiyarta 'yanci domin kuɗinta na hannunta. Mijin har suna ya sauya mata, ya riƙa kiranta Bertha. Ɗalibanmu mata sukan yi mamakin wannan doka, tunda sun tashi sun san dukiyar mace tata ce ko da tana gidan miji. Abin da zan ja hankalinka a kai shi ne, baƙaƙen da ke littafin ana ganinsu ne ta idon farare. Domin jin muryarsu sai ka nemi George Lamming.

In the Castle of My Skin na Lamming, 1953, labarin tashin yaro ne a wani ƙauye na Barbados, tsibirin da Ingila ta riƙe tun 1627 har ana yi masa kirari da Ƙaramar Ingila. Ƙasar da kowane gida ke kai ta Baturen gandu ce, ana biyansa haya. A ranar bikin daular Ingila, bayan an yi fareti an raba wa yara kwabbai, sai suka shiga gardama kan wata tsohuwa da ta ce an taɓa bautar da mutane. Suka tambayi malami, ya ce wannan tsohon zance ne da ya faru a wata duniya, bai shafi mutanen Barbados ba. Jikokin bayi ke nan, a tsakiyar gonar rake, makaranta ta goge musu abin da ya kawo su wurin. Ƙarshen littafin ya fi ciwo: wani tsohon malamin makaranta ɗan ƙauyen ya kafa asusun taimakon kai da kai, talakawa suka yi ta zuba kwabbansu, da wannan kuɗi aka saye filin daga hannun Bature aka sayar wa masu hali, aka tashi waɗanda suka zuba.

Wannan ciwo na ɗan gida ya gaji bulalar baƙo shi ne kuma zuciyar El reino de este mundo na Alejo Carpentier ɗan Kuba, 1949. Bayin Haiti sun tashi a 1791, suka ci sojojin Faransa da yaƙi, suka kafa ƙasarsu ranar 1 ga Janairun 1804. Amma bawan da labarin ke bi, Ti Noel, ya dawo yana tsoho ya tarar da sarki baƙar fata, Henri Christophe, yana gina ƙatuwar ganuwa a kan dutse, aka ɗora masa tubali a ka aka kora shi da sanda. Bayan faɗuwar sarkin a 1820 sai ga masu awon ƙasa da igiyoyinsu da takardunsu. An sayar da kare an sayi biri. Littafin gajere ne, kana iya gama shi a yini biyu.

Da bayi suka bar gandaye, masu rake suka juya Indiya. Daga 1845 zuwa 1917 an kai Tirinidad 'yan ƙwadago sama da 140,000 bisa yarjejeniyar shekara biyar, da yawansu sun dangwala hannu a takardar da ba su iya karantawa ba. Morishus ta karɓi sama da 450,000. Jikan irin waɗannan mutane ne V. S. Naipaul, kuma A House for Mr Biswas na 1961 labarin mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana neman abu ɗaya, gidan kansa, domin kada ya mutu a rakuɓe a gidan surukai. Ya samu a ƙarshe, gida mai karkataccen bene da bashi a kansa, ya rasu yana da shekara 46. Ina da ja sosai da Naipaul kan rainin da ke cikin rubuce-rubucensa na baya game da Afirka da Musulmi, kuma ba na ɓoye wa ɗalibai hakan. Wannan littafi dai na gaske ne, da tausayi aka rubuta shi.

Na ɓangaren Faransa, La Rue Cases-Nègres na Joseph Zobel, 1950, yana nuna kaka mai yankan rake a Matinik da ta ƙarar da ƙarfinta domin jikanta ya yi karatu kada ya shiga gona. Texaco na Patrick Chamoiseau, wanda ya ci Goncourt, babbar kyautar adabi ta Faransa, a 1992, ya fi wuya, ka bar shi sai ka saba. A Filifin kuwa Noli Me Tangere na José Rizal, 1887, ya fallasa limaman cocin Sifaniya da suka zama su ne masu ƙasa da hukunci; Sifaniyawa suka harbe marubucin a Manila ranar 30 ga Disambar 1896.

Na bar Zanzibar a ƙarshe domin ita za ka fi jin ƙamshin gida a cikinta: kiran salla, makarantar allo, kanumfari, rigimar gado. Ingila ta mayar da ita ƙarƙashin kariyarta a 1890, ta ba ta 'yanci a Disambar 1963, wata guda bayan haka aka yi juyin juya halin Janairun 1964 da ya kori dubban mutane. Abdulrazak Gurnah, wanda aka haifa a can a 1948 kuma ya ci kyautar Nobel a 2021, yana cikin waɗanda suka bar tsibirin bayan haka. A By the Sea na 2001, wani dattijo mai sayar da kayan ɗaki ya sauka a filin jirgin sama a Ingila yana neman mafaka da sunan wani mamaci, ba shi da abin da ya fi daraja a jakarsa sai ɗan akwatin turaren wuta na itacen udu, jami'in shige da fice kuma ya karɓe. Sannu a hankali za ka gano cewa abin da ya rusa iyalai biyu takardar jinginar gida ce da wani baƙon ɗan kasuwa ya bari a hannunsa. Gurnah bai ɗora wa Bature laifin komai ba. Ya nuna cin amana da ƙeta da bautar da ke tsakanin mutanen gaɓar tun kafin Ingila ta iso. In kana jin Sawahili, Kuli na Shafi Adam Shafi ya ba da labarin yajin aikin leburorin tashar jiragen ruwa ta Zanzibar na 1948 daga bakin su leburorin.

Game da inda za ka fara, shawarata ka ɗauki Carpentier tukuna saboda gajartarsa, sannan Lamming, sannan ka ba Pramoedya wata guda cur. Ban da Kuli, duk waɗanda na ambata ana samunsu da Turanci. Rhys kuma kada ka taɓa ta sai ka karanta Jane Eyre, ko aƙalla babin da aka buɗe ɗakin sama aka nuna matar. Ka ajiye taswira kusa da kai, ka duba girman Barbados, wadda tsawonta bai wuce kilomita 34 ba, kafin ka buɗe shafin farko na Lamming. Idan ka kai babin kotu a littafin Pramoedya, ka rubuto mini in ji yadda ka ga Nyai Ontosoroh. Allah Ya ba da sa'ar karatu.